BABI NA HUƊU: MATSAYIN MAI BUSA A SANA'AR KIƊAN FIM ƊIN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren kayan busa da ake samu a ƙasar Tambuwal da Kebbe, da yadda ake ƙera su, da lokutan da ake amfani da su. Wannan babi zai dubi wata sana'a ce da ba ta daɗe da bayyana a ƙasar Hausa ba, wato sana'ar makaɗin fim mai zaman kansa, wanda ba shi da ubangida guda tsayayye, sai dai duk mai shirya fim da ya biya shi ya yi masa aiki. Abin da ake son tantancewa shi ne gurbin da mai busa ya samu a cikin wannan sana'a. Dalilin ɗaga wannan tambaya kuwa shi ne, da wuya mutum ya kalli fina-finan Hausa uku ko huɗu a jere bai ji amon sarewa ba, amma kuma ya fi wuya ya ga sunan wani mai busa a jerin sunayen ma'aikatan da ake nunawa a ƙarshen fim. Ra'ayin da babin ya tsaya a kai shi ne, fim ɗin Hausa ya karɓi amon busa ya bar mai busa a waje, kuma wannan ya rage wa kiɗan fim ɗin armashi da ma'ana.

4.1 Mai Busa Kafin Zuwan Fim

Tambuwal gari ne da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato, kuma gidan sarautarsa ya samo asali ne daga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kebbe kuwa ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, ƙasa ce ta noma da kiwo mai yawan rugage. Waɗannan abubuwa biyu, wato sarauta da kiwo, su ne suka raba busa gida biyu a wannan yanki, kamar yadda suka raba ta a sauran sassan ƙasar Hausa.

Gida na farko shi ne na algaita da danginta na fada, irin su kakaki da farai da ƙaho. Ames da King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, sun sanya waɗannan cikin kayan da suka keɓanta da masu sarauta. Tarihin Kano ma ya danganta fara busa kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ke nuna daɗewar dangantakar busa da mulki. Mai algaita bara ne na ubangida. Shi ke busa masa take idan zai fito, ya bi shi wajen hawan salla da rangadi da gaisuwar ta'aziyya ko murna, a fadodi da dama kuma ya halarci sara a daren Juma'a. Ladansa kuwa ba ƙayyadadde ba ne. Ubangida ne ke tufatar da shi, ya ba shi hatsi bayan kaka, ya taimaka masa wajen aure da suna, wani lokaci har da gona ko doki. Galibi gadon sana'ar ake yi, kuma akwai fadodin da ke da sarautar Sarkin Busa ko Magajin Busa mai shugabantar masu wannan aiki.

Ya kamata a tuna cewa shugabannin jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan hukuncin kiɗa da busa, sun kuma taƙaita wuraren da suka yarda a yi su, kamar yadda Erlmann ya nazarta a littafinsa na 1986. Duk da haka kayan busan fada ba su gushe ba. Abin da ya saura shi ne kallon da al'umma ke yi wa mai busa a matsayin maroƙi, wanda ake jin daɗin aikinsa amma ba kowane gida ke son haɗa zuri'a da shi ba. Wannan kallo zai sake fitowa a gaba idan aka zo maganar waɗanda suka rungumi kiɗan fim.

Gida na biyu shi ne na sarewa. Mai sarewa ba shi da ubangida, amma kuma ba shi da lada. Makiyayi ne ke busa ta a dawa don ɗebe kewa, ko samari su busa ta a dandali da wuraren bukukuwan Fulani. Ke nan kafin zuwan kafofin zamani, ɗaya yana da abinci ba shi da 'yanci, ɗayan kuma yana da 'yanci amma busar ba ta ciyar da shi. Sauye-sauyen mulki da suka raba sarakuna da kotu da 'yan doka da gidan yari a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawo ƙarshen mulkin En'e, sun rage wa fada ƙarfin ɗaukar nauyin barorinta. Daga nan ne mai algaita ya ƙara yawan fita neman na kansa a wajen biki da naɗin sarauta da taron siyasa. Wato halin rayuwa ya riga ya tura shi zuwa zaman kansa tun kafin a fara fim ɗin bidiyo, saboda haka ana iya zaton cewa shi ne zai fara cin moriyar sabuwar kasuwar idan ta buɗe.

4.2 Shigowar Busa Cikin Fim da Fitarta

An yi fina-finan Hausa na sinima tun kafin zamanin bidiyo, fitacce daga cikinsu shi ne Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni. Haka kuma gidajen talabijin sun yi tashe da wasannin kwaikwayo, irin su Idon Matambayi na gidan talabijin na Sakkwato da Samanja na Kaduna. Sai dai waɗannan duk ayyukan hukuma ne ko na gidajen watsa labarai, makaɗin da ya yi aiki a cikinsu ma'aikaci ne ko kuma baƙo da aka gayyato na yini ɗaya. Kasuwar da za ta iya riƙe makaɗi mai zaman kansa ta buɗe ne bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990.

Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, ya nuna cewa a farkon shekarun 1990 masu shirya fim a Kano sun dogara ne da makaɗan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, waɗanda sarewa ke jagorantar kiɗansu tare da ganguna da lalajo. A wannan ɗan taƙin ne kawai za a ce mai busa na gaske ya tsaya a tsakiyar kiɗan fim ɗin Hausa. Abin lura a nan shi ne, daga cikin wannan hukuma ce kuma wanda zai maye gurbinsa ya fito. Nasir Usman Ishaq Gwale, wanda ya fara koyon kiɗa da ƙaramin fiyano samfurin Casio a tsakiyar shekarun 1980, ya yi aiki tare da makaɗan hukumar, kuma a kusa da shi ne matasa irin su Alee Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma suka goge. A 1996 Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya buɗe sutudiyo a Kano da fiyano Yamaha PSR-220, wanda aka yi kiɗan fim ɗin Badaƙala da shi a 1997. Bayan haka aka sami PSR-730 mai ɗauke da sautukan kayan kiɗa masu yawa, ciki har da na sarewa da ganguna, kuma da shi aka yi kiɗan Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999.

Sangaya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a lokacin, kuma kowa ya shaida cewa waƙarsa da rawarsa ne suka sayar da shi fiye da labarinsa. Daga nan furodusoshi suka gane cewa mutum ɗaya da na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya zai iya fitar da abin da a da sai an tara makaɗa biyar ko shida, an ɗauko su a mota, an ciyar da su, an kuma jira su daidaita. Cikin shekaru goma ke nan busa ta shiga fim da ƙafarta, sannan aka sallame ta aka riƙe muryarta.

4.3 Yanayin Sana'ar Makaɗin Fim Mai Zaman Kansa

Wanda ya gaji wannan gurbi shi ne makaɗin fiyano. Idan aka kwatanta shi da mai algaita za a ga bambanci ta fuskoki da dama. Bai gaji sana'ar ba, koyonta ya yi a sutudiyo ta hanyar zama kusa da wanda ya iya. Galibi ɗan birni ne da ya yi makarantar boko ko kaɗan ce, kuma ba ya ɗaukar kansa maroƙi. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaron da iyayensa ba za su taɓa yarda ya ɗauki algaita ko kalangu ba, sukan iya kau da kai idan ya zauna gaban fiyano da kwamfuta, tun da yake wannan ya fi kama da aikin injiniya. Na'urar ta buɗe ƙofar kiɗa ga waɗanda al'ada ta rufe wa ita, kuma wannan abin yabo ne da bai kamata a raina ba.

Yadda aikin ke gudana shi ne, mawaƙi ko furodusa ya zo da waƙa da karinta a baki, ya rera, makaɗi ya nemo karin a kan fiyano, ya shimfiɗa gangar da ta dace, ya bi da sauran sautuka ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora murya. Ana biyan sa a kan kowace waƙa, kuma da zarar ya karɓi kuɗinsa, hulɗarsa da aikin ta ƙare. Ko da waƙar ta shekara goma ana jin ta a gidajen biki da tashoshin mota, babu wani kaso da ke komawa gare shi bisa al'adar kasuwar, duk da cewa Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka tun ta 1988 har zuwa sabuwa ta 2022. Suna ma mawaƙi ne ke tafiya da shi. Yaro a Dogon Daji ko Kuchi zai iya lissafo waƙoƙin Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Ali Jita, amma idan aka tambaye shi wanda ya yi kiɗan, sai dai idan mawaƙin ya ambace shi a ƙarshen waƙa. Ta wannan fuska makaɗin fim ya tsere wa ubangida guda ya faɗa hannun iyayen gida da yawa, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu da zai tuna da shi ranar da ya kwanta ciwo. Tsohon tsarin fada, duk da ƙasƙancin da ke cikinsa, yana da wannan inuwa.

A nan ya zama dole a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kiɗan waƙa, wato wanda ake ɗora murya a kansa a yi rawa. Akwai kuma kiɗan rakiya, wato wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana da motsin 'yan wasa domin ya nuna tsoro ko baƙin ciki ko zuwan wani abu. Ƙwarewar makaɗin fim ɗin Hausa kusan duk ta tafi ne ga na farko. Na biyun kuwa sau da yawa mai tace hoto ne ke cike shi da abin da ya samu a kwamfutarsa, ko dai daga fina-finan ƙetare ko daga tarin sautukan da ake samu a intanet. Saboda haka sana'ar mai tsara kiɗan fim a cikakkiyar ma'anarta, wato wanda zai zauna ya kalli fim daga farko zuwa ƙarshe ya ƙaga wa kowace fitowa kiɗanta, ba ta yi ƙarfi ba. Kuma a kiɗan rakiya ne mai busa ya fi amfani, domin nan ne wurin da babu kalma, sai amo kaɗai ke magana.

4.4 Abin da Fiyano Ya Kasa Ɗauka

Abu na farko da ya salwanta shi ne magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Alal misali, kalmar "kuka" idan aka furta ta da karin sama-sama tana nufin zubar da hawaye, idan kuwa aka furta ta da karin sama-ƙasa tana nufin itaciya. Mai algaita yana bin wannan hawa da sauka ne tare da tsawon gaɓoɓi, har wanda ya san taken ya ji kalmomin a cikin busar ba tare da an furta su ba. Shi ya sa dattijo a Tambuwal zai iya zama cikin zaurensa ya faɗi basaraken da ke wucewa tun bai leƙa waje ba. Makaɗin fiyano da ya danna maɓallin da ke ba da amo mai kama da na algaita yana fitar da sautin ne kawai, ba ya faɗin komai. Idan aka nuna fitowar sarki a fim aka bi ta da irin wannan amo, ɗan birni zai iya gamsuwa, amma wanda ya tashi kusa da fada zai ji kamar an sa wa ɗan wasa rawani an bar shi yana motsa baki ba magana.

Abu na biyu shi ne numfashi. Mai algaita yana cika kumatunsa da iska, ya riƙa tura ta cikin algaitar a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, saboda haka amon ba ya yankewa. A cikin wannan dogon amo yana ƙara ƙarfin iska ko ya rage, ya toshe rabin ƙofa da yatsa, sautin ya ɗan karkata sama ko ƙasa. Mai sarewa kuma yakan haɗa busa da wani gunji daga maƙogwaro, sai a ji amo biyu tare, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, ga kuma hucin iskar da ke zubewa a gefen bakin sarewar. Waɗannan abubuwa da mai na'ura zai kira datti su ne ke sa mai sauraro ya ji cewa mutum ne a bayan amon, kuma ya gaji, ko yana cikin bege, ko yana jin ƙarfi. Sarewar fiyano ba ta da gajiya. Duk sautin da aka danna zai fito da tsabta iri ɗaya, ko a wurin mutuwa ko a wurin ɗaurin aure.

Abu na uku ya shafi matakan sauti. Yawancin kiɗan gargajiyar Hausa na tafiya ne a kan matakai biyar, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta danganta da inda maƙeri ya huda ƙofofin, saboda haka sarewar wannan ruga ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Fiyano kuwa an raba shi ne zuwa matakai goma sha biyu masu tazara daidai wa daida bisa tsarin Turai. Duk karin da aka ɗauko daga bakin makiyayi aka shigar cikinsa, sai an ɗan miƙe shi kafin ya zauna. Sannu a hankali kunnen matasa ya saba da miƙaƙƙen, har ya zama idan suka ji na asali sai su ce bai daidaita ba. Wannan ita ce asarar da ta fi wuyar gyarawa, domin a kunnen mai sauraro take.

Akwai kuma batun muhalli. A al'ada kowane abin busa da wurinsa: algaita da kakaki na masu mulki ne, sarewa ta dawa ce da dandali. Fim ɗin Hausa ya mayar da amon sarewa alamar soyayya da hawaye kusan a ko'ina, ko a falon attajiri ne ko a ofis. Labarin Sangaya kansa a gidan sarauta yake, tsakanin yarima da yarinya mai hidima, wato wuri ne da kayan busan fada da na talakawa za su iya nuna tazarar da ke tsakanin masoyan biyu ba tare da an ce uffan ba. Abin da ya yi tashe daga fim ɗin shi ne waƙar rawa da aka gina a kan fiyano, kuma ita ce fina-finan da suka biyo baya suka bi. Wannan ɗabi'a ta haɗa sarewa da soyayya ba daga ruga ta zo ba. Daga fina-finan Indiya ta zo, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a sinimomin Kano da Sakkwato da Gusau tun shekarun 1960, kamar yadda Brian Larkin ya yi bayani game da Kano.

4.5 Inda Aka Ɗauko Amon

Tun da yake daga Indiya aka kwaikwayo, ya dace a dubi wanda ke bayan wannan amo a can. Hariprasad Chaurasia, wanda aka haifa a Allahabad a 1938, ɗan wani ɗan kokawa ne, wato shi ma bai gaji kiɗa ba. Ya koyi busa sarewar gora da ake kira bansuri, ya fara aiki da gidan rediyon gwamnatin Indiya a garin Cuttack a 1957, daga baya aka mayar da shi Bombay, inda ya ajiye aikin albashi ya zama mai busa mai zaman kansa a sutudiyoyin fim. Shi ne ya busa sarewar da ta yi suna a fim ɗin Hero na 1983. Haka kuma ya haɗa kai da makaɗi Shivkumar Sharma a ƙarƙashin sunan Shiv-Hari suka tsara kiɗan fina-finai irin su Silsila (1981) da Chandni (1989) da Lamhe (1991) da Darr (1993). Duk wannan bai hana shi komawa ɗalibi a wajen Annapurna Devi don zurfafa iliminsa na kiɗan gargajiya ba, kuma a shekarar 2000 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Vibhushan. Kafin shi ma, Bismillah Khan, gwanin shehnai wadda 'yar'uwar algaita ce ta fuskar ƙira, ya yi busa a fim ɗin Goonj Uthi Shehnai na 1959.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, amon da ya ja hankalin Bahaushe mai kallo amo ne na mutum mai numfashi, wanda masana'antar ƙasarsa ta biya shi, ta rubuta sunansa, ta kuma ba shi damar hawa daga mai busa zuwa mai tsara kiɗan fim gaba ɗaya. Masu fim ɗin Hausa sun kwaikwayi abin da kunne ya ji, ba su kwaikwayi tsarin da ya haifar da shi ba. Don haka sukar da aka saba yi musu ta cewa sun cika kwaikwayon Indiya ba ta cika daidai ba a wannan fanni. Da sun kwaikwaya har ƙarshe, da sun nemo masu sarewa da algaita na ƙasarsu sun shigar da su sutudiyo.

Ba za a ce kuma kayan busan Hausa ne ba su da faɗin da za su ɗauki irin wannan aiki ba. Yusef Lateef (1920–2013), Ba'amurke gwanin busa wanda ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985, ya mayar da hankali a kan sarewa, ya kuma haɗa kai da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Mutumin da ya riga ya ƙware a kayan busan Turai da na Asiya bai ga ƙasƙanci ba wajen zama ya koyi abin da makiyayi ke busawa. A Jamhuriyar Nijar ma Yacouba Moumouni ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, inda sarewarsa ke jagorantar jita da ganguna, kuma sun kai kiɗan har Turai.

4.6 Uzurin Masu Fim da Iyakarsa

Adalci ne a faɗi abin da ya tilasta wa masu fim bin wannan hanya. Jarin fim ɗin Hausa ƙarami ne, satar fasaha ta cinye ribar kaset da faifai, kuma bayan rushewar kasuwar faifai aka koma dogaro da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. Shiri mai dogon zango da ke fita kowane mako ba ya ba da sararin a jira mai busa ya zo daga ƙauye. Sannan algaita abin fili ce, ƙararta na cika ƙaramin ɗaki, ɗaukar ta yana buƙatar wuri da gwanintar da ba kowane sutudiyo ke da su ba. Su ma masu busar suna da nasu rauni. Wanda ya saba da take da kirari bai saba da a ce ya busa na daƙiƙa ashirin ya tsaya daidai inda hoto ya yanke ba, bai kuma saba da maimaita abu ɗaya sau biyar ba tare da ya canza shi ba. Wasu ma za su ga busa taken ubangidansu a kan ɗan wasan da ya yi shigar sarki a matsayin cin fuska ga sarauta, kuma wannan damuwa ce mai tushe.

Duk da haka uzurin kuɗi ya yi rauni a yau fiye da yadda yake a 1997. A wancan lokaci sai an kai makaɗi inda na'ura take. Yanzu ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, ko ma wayar hannu mai kyau, na iya zuwa Sanyinna ko Jabo ko Margai ta ɗauko busa, a tura ta Kano a rana ɗaya, makaɗin kwamfuta ya ɗora ta a kan aikinsa. Matsalar take ma tana da mafita, tun da mai algaita na iya ƙaga sabon take ga sarkin cikin labari, wanda ba na kowa ba ne, kuma yin hakan shi ne ainihin aikin mai tsara kiɗan fim. Abin da ya rage shi ne a amince cewa wannan aiki ne da ake biya, a kuma rubuta sunan mai shi.

Lokaci kuwa ba ya jira. Masu algaita da suka san taken gidajen sarautar wannan yanki suna tsufa, 'ya'yansu da dama sun kama wasu sana'o'i. Rashin tsaro da ya addabi dazuzzukan da ke tsakanin Kebbe da Zamfara a 'yan shekarun nan ya tarwatsa rugage, ya kuma rage tarukan dare da sarewa ke rayuwa a cikinsu. A gidajen biki na Tambuwal da Kebbe, mai lasifika da ke sanya waƙoƙin fim ya karɓe wani kaso na filin da makaɗa da masu busa ke samun abinci a da, wato amon sarewar fiyano da aka haɗa a Kano ya dawo yana gasa da mai sarewar a ƙofar gidansa.